Yadda Ake Gano Matsalar Kibiyar Maus a Kwamfuta Mai Allo Biyu ko Fiye

A shagunan buga takardu na Accra New Town, da wuraren cike fom ta intanet a Nima da Mamobi, da ɗakunan matasan da ke haɗa bidiyon biki da na suna, aiki da allo biyu ya zama ruwan dare. Laftof na gefe guda, babban monita na ɗaya gefen, wani lokaci har da talabijin da ake jonawa don a nuna wa kwastoma zanen fostarsa kafin a buga. Da zarar allo ya wuce ɗaya, kibiyar maus kan fara nuna halin da ba a san ta da shi ba: ta maƙale a bakin allo ta ƙi tsallakawa, ta ɓace ɓat, ta yi nauyi a allo ɗaya alhali tana gudu lafiya a ɗayan, ko kuma siffarta ta lalace ta koma layin ɗige-ɗige. Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar da ake yi wajen kashe kuɗi. Wani zai hau trotro zuwa Circle ya sayo sabon maus a Tip Toe Lane, wani zai ba da kwamfutarsa a goge a sake zuba Windows, kuma ba a jima ba matsalar ta dawo, domin tun farko ba a nan take ba.

Kafin a taɓa komai, yana da kyau mutum ya san yadda kibiyar take zuwa kan allo, domin duk gwajin da zai biyo baya a kan wannan ya dogara. Maus ba ya zana komai. Aikinsa kawai ya gaya wa kwamfuta cewa an matsa shi kaza zuwa dama, kaza zuwa sama. Windows ce ke lissafa inda kibiyar ta kai bisa wata taswirar alluna da take riƙe da ita, sannan katin hoto, wato sashen kwamfuta da ke haɗa hoton da ake gani a allo, ya zana kibiyar a wani shafi nata na daban, ya ɗora ta a kan sauran hoton a daidai lokacin da yake tura shi zuwa monita. Saboda haka wurare uku ne ake neman laifi: maus ɗin kansa, taswirar da Windows ke bi, ko katin hoto da direbansa, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita.

Gwajin farko ba ya cin ko sidi ɗaya. Ka danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi PC screen only, ka yi aiki na ɗan lokaci da allo ɗaya. Idan kibiyar ta ci gaba da rawa ko tsayawa, ka ajiye maus ɗin ka gwada da faifan taɓawa na laftof, ko ka ari maus mai waya wurin maƙwabci. Idan ta daidaita da wannan, to laifin maus ne, kuma abin dubawa kaɗan ne: batir, ƙurar hunturu da ke taruwa a idon da ke ƙarƙashinsa, da teburin gilashi ko mai sheƙi wanda yawancin maus ba sa iya karantawa. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. A shekarar 2012 kamfanin Intel ya fitar da bayani cewa kafar USB 3.0, wadda galibi cikinta shuɗi ne, tana fitar da hayaniyar da ke shiga zangon 2.4 GHz, wato zangon da maus mara waya ke amfani da shi. Wanda ya jona ɗan ƙaramin risiban maus kusa da filashi ko hadis ɗin ajiyar fayil (hard disk) da ke aiki a irin wannan kafa zai iya ganin kibiya tana tsinkewa. Maganinsa a mayar da risiban kafar USB 2.0, ko a yi amfani da guntuwar wayar ƙari a kawo shi kusa da hannu.

Idan kuwa komai ya lafa da allo ɗaya, kuma matsalar ta dawo da zarar ka koma Extend, wato zaɓin da ke faɗaɗa aiki zuwa allo na biyu, ka bar maus ya huta, ka buɗe Settings, ka shiga System, sannan Display. Za ka ga akwatuna masu lamba, kowanne a madadin allo guda. Ka danna Identify domin lambar kowane allo ta bayyana a kansa, ka tabbata akwatin da ke dama a taswira shi ne monitan da ke damanka a kan tebur. Idan a juye suke, kibiya za ta buga bango a gefen da kake so ta wuce, ta fita ta ɗaya gefen. Ka ja akwatin da maus zuwa inda ya dace, ka danna Apply.

Maƙalewa a gefen allo tana da bayanin da ya cancanci a tsaya a kansa, domin ita ce aka fi kuka da ita, kuma ita ce aka fi ɗauka lalacewa alhali lissafi ne kawai. Windows ba ta auna allo da inci ko santimita, da yawan ɗigon hoto take auna shi. A ce kana da monita mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, kusa da tsohuwar laftof mai 1366 da 768, irin waɗanda suka cika kasuwar kayan hannu. Bambancin tsayinsu ɗigo 312 ne. Alluna biyun kamar ɗakuna biyu ne masu bango ɗaya a gidan haya, wanda ƙofar tsakaninsu ba ta wuce tsawon ƙaramin ɗakin ba. Idan ka daidaita akwatunan ta sama, to ɗigo 312 na ƙasan babban allo ba su da mafita, kuma duk lokacin da ka ja kibiya ta wajen ƙasa za ta tsaya cak. Idan ka daidaita su ta ƙasa, katangar ta koma sama. Babu jerin da zai kawar da ita gaba ɗaya, sai dai ka zaɓi inda ba za ta dame ka ba. Ni dai na fi son a daidaita ta ƙasa ga wanda ke yawan zuwa sandar manhajoji ta ƙasan allo, a daidaita ta tsakiya kuma ga mai zane, wanda hannunsa ke yawo a tsakiyar shafi. Haka nan ka lura kada akwatunan su haɗu ta kusurwa kawai, domin a lokacin ƙofar takan zama 'yar tsaga wadda sai an yi sa'a ake dacewa da ita. Masu Windows 11 daga sabuntawar 22H2 ta 2022 suna da sauƙi: a ƙarƙashin Multiple displays akwai zaɓin Ease cursor movement between displays, wanda idan an kunna shi kibiya kan tsallaka ko da ta zo ta wajen katangar.

Wani lokaci ɗigon alluna biyun daidai yake, amma girmansu a ido ya sha bamban. Laftof mai inci 14 da monita mai inci 24 duk suna iya zama 1920 da 1080, sai Windows ta nuna su a matsayin akwatuna masu girma ɗaya, alhali tsayin na farko bai wuce santimita 17 da 'yan kai ba, na biyun kuma ya kusan santimita 30. Kibiya za ta bar wannan allo a wani tsayi ta ɓullo a wancan a wani tsayi daban, girmanta ma ya canza, musamman da yake Windows kan sa ma'aunin girman rubutu da alamomi, wato Scale, na ƙaramin allo a kashi 125 ko 150 cikin ɗari, na babban kuma a 100. Wannan ba ciwo ba ne. Wanda abin ya dame shi ƙwarai yana iya sauke wata manhaja ta kyauta mai suna LittleBigMouse, wadda ke lissafi da ainihin girman kowane allo. Inda bambancin Scale ke zama matsala ta gaske shi ne a tsofaffin manhajoji, inda za ka danna wuri amma dannawar ta sauka a gefe, ko jerin umarni ya buɗe nesa da kibiya. A nan ka fara fita daga akawun ɗinka na Windows ka sake shiga bayan duk wani canjin Scale. Idan bai yi ba, ka mayar da allon da kake aikin a kansa ya zama babban allo ta zaɓin Make this my main display, ko ka danna dama a kan alamar manhajar, ka shiga Properties, sai Compatibility, sai Change high DPI settings, ka gwada zaɓin da ke ƙarƙashin Override high DPI scaling behavior ɗaya bayan ɗaya.

Ɓacewar kibiya gaba ɗaya tana da alaƙa da zamanmu a nan, inda ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne. Na taɓa tsayawa a wani shagon zane a New Town lokacin da aka ɗauke wuta, monita ya mutu, laftof ta ci gaba da batir. Yaron shagon ya yi ta goga maus a kan tebur, ya juya shi ya hura idonsa, sannan ya ce, "Masta, maus ɗin ma ya tafi da wutar." Maigidan ya miƙa hannu ta bayan laftof ya zare wayar HDMI, allon ya yi ƙyaftawa ɗaya, kibiya da tagar aikin da ake nema suka dawo tare. Dalili shi ne a haɗin HDMI da VGA, kwamfuta ce ke ba da 'yar wutar bolt 5 da ake karanta bayanan monita da ita, saboda haka monita da ba shi da wuta yana iya ci gaba da bayyana wa Windows kamar yana nan, kibiya kuma ta shige cikin allon da babu mai ganinsa. Haka talabijin da aka kashe da rimot yake yi, haka ma kwamfutar da aka jona da firojekta a wurin taro takan riƙe allon da ba ya nan. Idan ka ga akwati na uku a taswira alhali allunanka biyu ne, ka zaɓe shi ka danna Disconnect this display. Monitan da ke kan DisplayPort yakan yi akasin haka: idan ya mutu ko ya yi barci, Windows kan ɗauka an cire shi, ta kwashe tagogi ta tara a allo ɗaya.

Don gudun neman kibiya a manyan alluna, ka danna Windows da R, ka rubuta main.cpl, ka shiga Pointer Options, ka kunna Show location of pointer when I press the CTRL key. Daga nan duk lokacin da ka taɓa Ctrl wani zobe zai zagaye inda take. A shafin nan kuma akwai Hide pointer while typing, wanda shi ke ɓoye kibiya idan ana rubutu, kuma kashe shi ba ya cutar da komai. Masu Photoshop su duba Caps Lock kafin su zargi kwamfuta, domin idan yana kunne, zoben buroshi yakan koma ɗan gicciye siriri da ke da wuyar gani a babban allo.

Sai nauyin kibiya a allo ɗaya. Abin da za a fara dubawa shi ne sau nawa allon ke sabunta hotonsa a daƙiƙa guda, wanda ake gani a Advanced display bayan an zaɓi allon da ake zargi. Allo na yau da kullum 60 Hz yake yi. Idan ka tarar da 30 ko ƙasa da haka, ka gano mai laifi. Wannan ya fi faruwa ga wanda ya jona talabijin ko monita na 4K da tsohuwar laftof, domin HDMI 1.4 ba ya iya ɗaukar 4K fiye da 30 Hz, sai HDMI 2.0 wanda ya fito a 2013 ne ya kai shi 60. Idan kafar laftof ɗinka tsohuwa ce, sayen waya mai tsada ba zai ƙara mata komai ba. Gara ka sauke allon zuwa 1920 da 1080 a kan 60 Hz, hannunka ya samu sakewa. Talabijin kuma yana da nasa jinkirin, saboda yana gyara hoto kafin ya nuna shi, don haka a nemi Game Mode ko PC Mode a saitinsa a kunna. Adaftocin da ke fitar da hoto ta kafar USB ta yau da kullum, ciki har da tashoshin jone-jone masu fasahar DisplayLink, suna matse hoton ne su tura shi ta USB, saboda haka suna buƙatar nasu direban na zamani da kafar USB 3.0, kuma wasu masu arha sukan faɗo har 800 da 600 idan aka sa su a USB 2.0. A nan zan ɗan ratse in ce akwatin da ke raba HDMI ɗaya zuwa biyu hoto iri ɗaya kawai yake maimaitawa, kuma wanda ya saye shi da niyyar faɗaɗa filin aiki zai ga kibiya biyu suna tafiya tare, babu saitin da zai raba su.

Matsalar da ta fi tayar da hankali ita ce lalacewar siffar kibiya, inda takan koma sandar ɗige-ɗige, ko murabba'i mai launuka, ko rabinta ya yanke, galibi bayan ta tsallaka daga wannan allo zuwa wancan, kuma sau da yawa a allo ɗaya kawai. Mutane kan fara zargin waya, amma waya ba ta da hannu a ciki. Kafin hoto ya shiga waya an riga an haɗa kibiya da sauran abin da ke allo sun zama abu guda, don haka waya mara kyau za ta ɓata hoton ne duka, da ƙyaftawa ko canjin launi ko ɗaukewa, ba za ta tsinci kibiya ita kaɗai ba. Idan kibiya ce kawai ta lalace, to shafin da katin hoto ke ajiye siffarta ne ya rikice, kuma wannan aikin direba ne. Masu katin AMD sun daɗe suna kuka da irin wannan a alluna biyu, amma ba su kaɗai yake samu ba.

Ka fara da danna Windows, Ctrl, Shift da B a lokaci guda. Allon zai yi duhu na ɗan lokaci, ka ji ƙara ɗaya, hoton ya dawo ba tare da an rufe aikinka ba. Idan kibiyar ba ta gyaru ba, ka buɗe Magnifier da maɓallin Windows da alamar tarawa, ka duba ko ta dawo daidai. Gwajin da ya fi tabbatar da zargi shi ne a koma Pointer Options a kunna Display pointer trails, a ja ma'auninsa zuwa Short. Wannan zaɓi yana sa Windows ta karɓe zanen kibiya daga wancan shafi na katin hoto ta riƙa yi da kanta. Idan lalacewar ta tsaya da zarar an kunna shi, babu sauran shakka direba ne. Ana iya barin sa haka a gama aikin da ke hannu, amma ban ɗauke shi magani na dindindin ba, domin kibiyar takan ɗan yi nauyi, kuma a wasu wasannin da ke cika allo takan ɓace.

Maganin gaske shi ne gyara direba, kuma tambayar da za ka yi wa kanka ita ce yaushe abin ya fara. Idan bayan wata sabuntawa ce, ka buɗe Device Manager, ka faɗaɗa Display adapters, ka shiga Properties na katin, sai shafin Driver, ka danna Roll Back Driver. Idan kuwa direban ya tsufa, ka sauke sabo, kuma ga laftof ka fara da shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ne ko Dell ko Lenovo, kafin ka je na Intel, AMD ko Nvidia. Idan ka ga sunaye biyu a ƙarƙashin Display adapters, to kati biyu ne ke aiki, kuma a laftof da yawa ɗaya ke riƙe allon ciki, ɗayan kuma kafar HDMI, don haka kibiya na sauya hannu duk lokacin da ta tsallaka, kuma dole a sabunta duka biyun. A kwamfutar tebur, ka duba bayanta: idan monita ɗaya na jone a kafar sama ta babban faifan cikin kwamfuta (motherboard), ɗayan kuma a katin hoto na ƙasa, ka mayar da su duka kan katin. Idan sunan da ka gani Microsoft Basic Display Adapter ne, wanda ya zuba maka Windows bai sa direban hoto ba sam. Inda duk wannan ya gaza, ana amfani da manhajar Display Driver Uninstaller a cikin Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da direbobin da suka zama dole kawai, a share tsohon direba tas, amma ka tabbata ka sauke sabon ka ajiye tukuna, kada data ta ƙare maka a tsakiyar aiki.

Bayan kowane irin gyara, Restart za ka zaɓa. Tun daga Windows 8 akwai tsarin Fast Startup, wanda ke sa Shut down ya ajiye halin da direbobi suke ciki ya dawo da shi idan an kunna, har da rikicewar da ake son a rabu da ita. Shi ya sa wani zai ce ya kashe ya kunna sau da dama bai ga canji ba. Wanda yake son kashewa ta gaske ya riƙe Shift yayin da yake danna Shut down.

Akwai wata 'yar matsala mai kama da wannan, inda siririyar alamar rubutu ke komawa fara a kan farin shafi a cikin Chrome ko Edge, har mutum ya kasa ganin inda zai danna a fom. A shafin Pointers na main.cpl, ka zaɓi Text Select, ka danna Browse, ka ɗauki fayil mai suna beam_r, wanda baƙi ne. Kashe zaɓin da ke sa burauza amfani da katin hoto (graphics ko hardware acceleration) a saitinta na System shi ma yakan kawar da ita. Masu Mac kuma suna jera allunansu a Displays ta maɓallin Arrange, kuma girgiza maus da sauri yana ƙara wa kibiya girma na ɗan lokaci har a gan ta.

Lokacin zuwa wurin mai gyara shi ne idan ɗige-ɗigen sun wuce kibiya sun bazu a hoton duka, ko suna bayyana tun a tambarin kamfani kafin Windows ta tashi, domin a wannan matakin direba bai fara aiki ba, kuma zargi ya koma kan katin hoton kansa, zafi ne ya yi masa yawa saboda ƙura ta toshe fanka ko kuwa ya fara mutuwa. Kafin ka tafi, ka ɗauki hoto ko ɗan bidiyon matsalar da wayarka, tunda maɓallin Print Screen ba ya kama kibiya. Ka rubuta sunan katin kamar yadda yake a Device Manager, da irin wayar da kowane allo ke kai, da gwaje-gwajen da ka riga ka yi. Idan zai yiwu ka tafi da monitan da wayarsa, domin a kan teburin mai gyara, da allo ɗaya, matsalar ba lallai ta nuna kanta ba. Kuma kada ka yarda a goge kwamfutar sai ka kwafe ayyukan kwastomominka a wani hadis na daban.